Ƙarar maƙwabci: wadda ke hana ka barci da wadda za ka kai gaban hukuma

Mutanenmu na Gwarzo, Getso, Kutama, Lakwaya, da na Kabo, Garo, Gude, Durun, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Yau ni kaɗai ne, ba baƙo, don maganar ta taɓa gidanmu kuma na fi so in faɗe ta da bakina.

Kun san kalmar "ƙara" a Hausa fuska biyu gare ta. Akwai ƙarar inji, akwai ƙarar da ake kaiwa gaban alƙali. To yau duka biyun za mu taɓa. Tun farko in faɗa, ni ba lauya ba ne, kimiyyar siyasa na karanta a Jami'ar Bayero. Abin da zan faɗa abin da na bi ne da ƙafata, da abin da na karanta, da abin da abokaina lauyoyi suka warware mini.

Ina da goggo, yayar mahaifina, a wani gari cikin ƙaramar hukumar Kabo. Ba zan faɗi garin ba, don kowa ya san kowa. Ta haura shekara sittin, tana da hawan jini. Ɗakinta ginin ƙasa ne, bangonsa ɗaya da shagon maƙwabci. Shekara da shekaru shagon nan ba komai a ciki sai buhunan taki. Bara wani matashi, ɗan gidan, ya dawo daga Kano, ya ci bashi ya sayi injin niƙa mai amfani da wuta, ya kafa shi a shagon, daf da bangon. Da rana ba matsala sosai. Matsalar ita ce wuta. Kun san yadda take zuwa mana, sai ƙarfe ɗaya na dare, biyu na dare. Shi kuwa wuta ta fi masa man dizal sauƙi, don haka duk niƙan da mata suka tara masa da yamma, sai an kawo wuta yake tashi ya kunna. Goggo tana kwance gadonta yana rawa. Wata uku tana haka ba ta gaya wa kowa ba. Da na je gaishe ta na ga idonta ya faɗa, na ce, "Goggo, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan, barci ne dai ya yi ƙaura." Sai ta nuna mini wata tsaga a bango, tun daga kusa da azara har ƙasa.

Na ce me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce, "Yaron nan a gabana aka haife shi, ni na yi wa uwarsa zaman jego. In hana shi neman abincinsa?"

Wannan amsar ta Goggo ita ce ainihin abin da ya sa na yi wannan shirin. Mu a nan maƙwabcinka ba baƙo ba ne. Shi zai fara zuwa in gobara ta tashi, shi zai ɗauki makararka. Shi ya sa mutum zai yi ta haɗiye abu har ya zame masa ciwo. In kuma haƙurin ya ƙare, sai a tsallake komai a faɗa ɗaya ɓangaren. Ɗanta, taubashina, da ya ji labari, cewa ya yi a bar shi da shi, cikin dare zai haura ya zuba wa injin yashi. Wallahi da gaske yake. Na ce masa, kai, ranar da ka yi haka ka mai da mai laifi mai gaskiya. Shiga gidan mutum ba izini laifi ne, ɓarnata dukiyarsa laifi ne, in ka haɗa da "sai na ga bayanka" ka ƙara na uku, barazana. Kai za a kwana da kai a caji ofis, shi kuma ya sayi sabon bel ya ci gaba da niƙansa. Haka ma masu saurin hawa Facebook su sa hoton mutum da sunansa su ce ga azzalumin unguwarmu. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da muke aiki da ita a Arewa, kuma mun sha ganin an gurfanar da matasa a Kano kan rubutun da suka yi a waya. Tsakanin haɗiyewa da haukacewa akwai hanyoyi da yawa, yawancinmu ne ba mu san su ba.

Abu na farko da mutane ba su sani ba: a Najeriya akwai doka takanas a kan ƙara. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don kula da ƙa'idojin muhalli, tana da ƙa'idojin hana hayaniya na shekarar 2009. Ana auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Dokar ta ce a unguwar da gidajen zama ne zalla, kada ƙara ta wuce desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗu da shaguna, 55 da rana, 45 da dare. Inda akwai ƙananan masana'antu a cikin gidaje, 60 da 50. Kusa da asibiti kuwa 45 da rana, 35 da dare. Kuma ta fayyace mene ne dare: daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Don ku gane lissafin, hirar da mutum biyu ke yi a zaure tana kai wajen desibel 60. Kuma ma'aunin ba kamar mudu ba ne, duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Ke nan abin da doka ta yarda da shi da dare a unguwar zama bai kai ƙarar hira ba, balle injin niƙa, balle lasifikar DJ.

Hukuncin wanda aka kama da laifi: tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun, da ƙarin naira 5,000 a kowace rana in ya ci gaba. Kamfani kuwa har naira 500,000. A 2009 kuɗi ne, yau kam kun san abin da dubu hamsin take saya. Amma ɗaurin yana nan, kuma dokar ta ba kowa damar rubuta wa hukumar ƙorafi.

Sai dai in gaya muku gaskiya yadda nake gani. Ofishinsu yana Kano, mu muna kusan kilomita 70 daga can. Tsohuwa a ƙauyen Kabo ba za ta rubuta wa hukumar tarayya takarda ba, kuma ban sa rai a turo mota da na'ura saboda injin niƙa guda ɗaya ba. Amfanin dokar a wurinmu shi ne ta ba ka abin faɗa. In ka zauna gaban mai unguwa, maimakon ka ce "yana damuna", wanda za a iya ce maka kai ne mai ƙorafi, sai ka ce gwamnati da kanta ta yanka lokaci, goma na dare zuwa shida na safe. Magana ta tashi daga son zuciyarka ta koma ƙa'ida. In kuwa babban abu ne, kamar injin casar shinkafa da aka dasa a tsakiyar unguwa ko wurin taron biki da ke aiki kullum, to nan rubuta musu yana da ma'ana, a haɗa da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Wanda ya fi kusa da mu, kuma muka manta da shi, shi ne duba-gari. Iyayenmu suna ba da labarin yadda ake tsoronsu a da, har randa suke leƙawa. To suna nan har yanzu, a sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukuma, a Gwarzo da Kabo duka. Aikinsu bai tsaya kan kwata da shara ba. Suna da hurumin zuwa su duba abin da ke cutar da lafiyar maƙwabta, su ba mai shi takardar gargaɗi da wa'adin gyarawa, in ya ƙi su kai shi kotu. In za ka kai musu ƙorafi, rubuta shi, ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Wannan 'yar takardar mai hatimi, ranar da magana ta yi nisa, ta fi rantsuwa goma amfani.

Yanzu bari in koma kan Goggo, don ba ta nan muka fara ba. Ni na fara zuwa wurin yaron, ni kaɗai, bayan la'asar, lokacin ba mata a shagon. Wannan da gangan ne. Mutum in ka yi masa magana gaban kwastomominsa, ba kai yake ba amsa ba, su yake ba. Na ce, "Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Alfarma na zo nema." Na gaya masa halin da take ciki. Ya yi shiru, ya ce wallahi bai san abin ya kai haka ba, amma bashi ne a kansa, duk wata akwai abin da yake biya, in ya koma dizal ba zai fita ba. Kuma na yarda da shi. Ba mugu ba ne, lissafi ne ya matse shi. Ya ce zai duba. Kwana huɗu aka samu sauƙi, ran na biyar aka kawo wuta ƙarfe ɗaya, inji ya tashi.

Daga nan na sa taubashina ya fara abin da ya fi zuba yashi amfani. Ya samu littafi, duk daren da aka kunna ya rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka kashe. Ya ɗauki bidiyo daga cikin ɗakin, yana nuna agogo. Ya ɗauki hoton tsagar bango duk mako da tsinken ashana a jiki, don a ga tana buɗewa. Muka ajiye katin asibitinta inda ake rubuta awon jininta. Akwai manhajojin auna ƙara a waya, kyauta ne, ba su kai na'urar hukuma daidaito ba amma suna nuna inda aka dosa. Ku lura da abu ɗaya: in magana ta kai babbar kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar a haɗa bidiyo ko sautin waya da takardar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita. Don haka kada ka goge na asali, kada ka sayar da wayar.

Sannan muka je wurin mai unguwa. A nan ne wani abu da na karanta ya yi mana rana, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa don ya burge ni ƙwarai.

Mu muna ɗauka wannan rigimar ta zamani ce, ta zo da wuta da janareta. Ashe malaman Malikiyya sun gama tattauna ta tun ɗaruruwan shekaru. Tushen shi ne hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa, wanda duk ɗan Islamiyya ya haddace, na 32 a Arba'una, yana kuma cikin Muwaɗɗa. A kansa suka gina babi guda na haƙƙin maƙwabta: hayaƙin gidan burodi, warin majema, tagar da ke leƙa gidan wani, da dutsen niƙa. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu na kotunan shari'a ke aiki da ita har gobe, tana da fasali a kan cutar maƙwabci. Akwai kuma wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, ana ce masa Ibn al-Rami. Shi ba alƙali ba ne, gwanin gini ne da alƙalai ke aikawa ya je ya duba in maƙwabta sun yi rigima, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. A ciki ya kawo yadda ake gane ko dutsen niƙa yana cutar da bangon maƙwabci. A samu takarda, a ɗaure kusurwoyinta huɗu da zare, a rataye ta a rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyin wani tsiro da Larabawa ke kira kuzbara, ƙanana ne masu saurin gangarawa. Sai a ce mai niƙa ya kunna. In ƙwayoyin sun motsa, girgiza tana isa bango, sai ya janye dutsensa. In ba su motsa ba, a bar shi. Shekara wajen ɗari bakwai ke nan, ba na'ura, ba manhaja.

Malaman sun yi saɓani a kan ƙara zalla, wadda ba ta taɓa gini. Wasu suka ce ba a hana mutum sana'arsa saboda sauti kawai, wasu suka ce in tana hana mutane barci da dare a hana. Amma in bango yana girgiza, magana ta ƙare, cuta ce a fili. Shi ya sa na gane cewa tsagar bangon Goggo ita ce hujjarmu mafi ƙarfi, ta fi rashin barcin, duk da rashin barcin ne ya fi cin ta.

Da mai unguwa ya zo da limami da wasu dattawa biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in gwada wani abu." Ba mu da kuzbara, gero muka zuba a faifai muka rataya a azara. Aka tada janareta aka kunna inji. Geron nan ya dinga tsalle yana zubowa ƙasa. Liman ya yi salati. Yaron da kansa ya shigo ɗakin, karo na farko ke nan da ya ji injinsa daga wannan ɓangaren bangon. Bai ce komai ba, ya fita ya kashe.

Aka yi sulhu a zauren mai unguwa. Ba niƙa daga goma na dare zuwa bayan sallar asuba. Zai janye injin daga jikin bango, ya zuba masa dandamalin kankare nasa daban, ya sa tsohuwar taya a ƙarƙashi. Gyaran bango a raba biyu. Ni kuma na dage a rubuta. Dattawa suka ce haba, magana a gaban liman sai an rubuta? Na ce Allah ya huci zuciyarku, ba don ku ba ne, don ranar da ba kwa nan ne. Aka rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu suka sa. Ina roƙon matasa, duk sulhun da za ku shiga, ko na gona ne ko na bashi, a rubuta.

Da bai yiwu a nan ba, matakala tana nan: dagaci, sannan hakimi. Akwai Hisbah, wadda doka ta kafa a 2003, tana da ofis a kowace ƙaramar hukuma cikin 44, kuma mafi yawan aikinta na yau da kullum sulhu ne. Ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci, amma kiranta yana sa mutum ya zo ya zauna. A birni kuma akwai zauren sasanci na babbar kotun jiha da aka buɗe a 2009, inda in an cim ma yarjejeniya alƙali zai iya amincewa da ita ta zama kamar hukunci.

'Yan sanda fa? Nan nake so mu yi hattara. Dokar Penal Code, tun 1960, ta san laifin damun jama'a, wato abin da ke cutar ko takura wa mutanen wuri gaba ɗaya, kuma akwai tara ko ɗauri. In DJ ya kafa lasifika a tsakiyar layi har uku na dare, unguwa guda ba barci, ga 'yan shaye-shaye sun taru, wannan hurumin 'yan sanda ne, ku je ku da yawa, ba mutum ɗaya ba. Amma rigimar bango tsakanin gida biyu ba ta caji ofis ba ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Na san akwai masu cewa bari in sa a kulle shi kwana ɗaya ya ji a jikinsa. Mu da muke yawo muna kukan ana kama matasa ba bisa ƙa'ida ba, bai kamata mu zama masu sayen irin wannan kamun ba ranar da ya yi mana daɗi. Kuma wanda ka sa aka kulle, jikokinsa ma sai sun ji labari.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ƙofa biyu ce. Kotun shari'ar Musulunci ta fi kusa da talaka: da Hausa ake yi, ba dole sai da lauya ba, ka je ka shigar da ƙara a kai masa sammaci. Kai mai da'awa kai za ka kawo shaidu, kuma alƙali na iya tashi ko ya aika a je a gani da ido. Ɗaya ƙofar ita ce babbar kotu, inda lauya zai nema maka abu biyu: umarnin a dakatar da abin, da diyyar abin da ka yi asara. Wannan tana cin kuɗi da lokaci. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya tuntuɓar hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, suna da ofis a Kano, ya ji ko ƙararsa tana cikin waɗanda suke ɗauka.

Kada ku ɗauka ba a cin irin wannan shari'a. A 1970, a Surulere ta Legas, shari'ar Abiola da Ijoma: wani ya tara kaji 400 a bayan gidansa jikin katangar maƙwabci, kuka da wari suka hana maƙwabcin sakat. Kotu ta ba shi gaskiya, ta hana kiwon a wurin, ta sa a biya shi diyya. Masu gidan kaji a cikin unguwa, kun ji. A 1971 a Warri, wani lauya mai suna Tebite ya yi ƙarar kamfanin gyaran jiragen ruwa da ke kusa da ofishinsa saboda ƙara da hayaƙi, ya ci. Sannan babbar, Adediran da kamfanin Interland Transport, 1991: mazauna wata unguwa a Isolo suka kai ƙarar kamfanin tireloli da ya addabe su. Kamfanin ya ce ai abin da ya shafi jama'a sai Antoni-Janar ne zai shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta ce a'a, tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar zuwa kotu da kansa. Wannan hukuncin har mu ya shafa. Mutanen layi ɗaya a Gwarzo za su iya haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya.

Akwai tambayar da na san za ta zo: in shi ya riga ni zuwa fa? Na gina gida na tarar da injinsa. A nan hanyoyin biyu sun ɗan rabu. A dokar da muka gada daga Ingila akwai wata tsohuwar shari'a ta 1879, Sturges da Bridgman. Mai yin alewa ya fi shekara 20 yana daka a turamensa a Landan, sai likita maƙwabcinsa ya gina ɗakin ganin marasa lafiya jikin bangon, ƙara ta hana shi aiki. Kotu ta ba likita gaskiya, ta ce daɗewa ba hujja ba ce tunda sai yanzu abin ya zama cuta. A fiƙihun Malikiyya kuwa ana ba wanda ya riga zuwa nauyi sosai, sabon abu ne aka fi hanawa. Ke nan kafin ka zaɓi ƙofa, ka tambayi kanka wa ya tarar da wani. A maganar Goggo ba gardama, ɗakinta ya girmi mai injin.

Saura wadda kowa ke tsoron taɓawa, lasifikar wurin ibada da ta wa'azi. Ba kiran sallah nake nufi ba, wannan minti nawa ne, kuma shi muke jira. Ina nufin a kwana ana sakin kaset ko majalisi da lasifika huɗu a kan soro, alhali mutanen da ke wurin ba su fi ashirin ba, ga mai jego, ga mara lafiya, ga ɗalibi mai jarrabawa. A 2021 Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ta masallatai ga kiran sallah da iƙama, ta ce kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. A Legas hukumar muhallinsu ta sha rufe coci-coci da masallatai da gidajen rawa a kan ƙara. Ban ce mu kwaikwayi Legas ba. A wurinmu wannan ba maganar sammaci ba ce, maganar a samu malamin da ake jin nauyinsa ne ya yi magana da kwamiti, a juya lasifikar ta kalli ciki bayan isha'i. Na ga inda aka yi haka kuma ba wanda ya fita daga addini. Masu tallan maganin gargajiya da ke faka mota a bakin kasuwa suna sakin maganganun da ba ka iya ji gaban surukarka, su kam a kai su Hisbah kai tsaye, ba sai an yi shawara ba.

Janareta ma in faɗi kalma ɗaya. In maƙwabci ya ajiye shi a ƙarƙashin tagarka, ƙarar ce ƙaramar matsala. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, ba ya wari sosai, ba ya gargaɗi. Wannan kada ka jira littafi da kwanan wata, a daren za ka buga masa ƙofa.

To ina aka kwana da Goggo? Yarjejeniya ta riƙe wata biyar. Ana saura kwana uku sallah, niƙa ya yi yawa, aka kawo wuta sha biyu na dare, ya kunna. Washegari ba mu yi faɗa ba, muka ɗauki takardar muka kai wa dagaci, muka biya ta sakatariya muka shigar da ƙorafi wurin duba-gari. Dagaci ya kira shi ya karanta masa abin da ya sa wa hannu. Tun daga ranar bai sake ba. An gyara bango, awon jininta ya sauka, tana barci.

Amma ba kyauta aka samu ba. Uwar yaron, ƙawarta ta shekara arba'in, ta daina shigowa. Wasu matan unguwa suna cewa Goggo ta sa niƙa ya yi tsada, don yanzu rabin aikin da dizal yake yi, ya ƙara kuɗin kwano. Da na je makon jiya na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce barcin dai da daɗi, amma in na samu hanya in je in gaishe da uwar yaron, in kai mata goro, in ce daga ita. Na kai. Ta karɓa, ta ce a gaishe ta. Ba ta dai shigo ba tukuna.

Wanda yake da irin wannan matsalar ya turo mana saƙo ta akwatin shafin, ba sai ya faɗi sunan kowa ba, akwai lauyoyi biyu cikin abokan tafiyarmu da suka yarda su duba kyauta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan iyakar gona da burtali, tunda damina ta matso.